A Daina Ɗaura Nozul da Ka: Gargaɗi ga Kanikawa da Direbobin Anka, Gummi da Bukkuyum

Idan ka shiga mota a tashar Anka ka ji warin fetur yana shigowa ta gaba tun ba a fita gari ba, ka ce wa direba ya tsaya. Kada ka ji nauyin sauran fasinjoji, kada kuma ka yarda da "yanzu zai daina". Warin fetur a motar da ke tafiya ba ya ɗaukewa da kansa. Wani wuri ne mai yake zuba, kuma a 'yan shekarun nan sau da yawa wurin shi ne wuyan nozul ɗin da aka ɗaura jiya ko shekaranjiya.

A kaina abin ya faru. A bazarar da ta wuce na shiga wata tsohuwar Golf daga Anka za mu Gummi, mu bakwai ban da direba, cikinmu har da wata baiwar Allah da goyonta. Ba mu yi nisa ba wari ya cika motar. Wani dattijo da ke gaba ya ce, "Direba, motar nan taka lafiya kuwa?" Direba ya ce, "Lafiya lau, Baba. Jiya aka canja mata nozul, ragowar man da ya zube ne yake ƙonewa." Dattijon nan bai yarda ba, Allah ya saka masa da alheri. Ya ce shi dai a sauke shi nan. Da aka tsaya gab da Daki Takwas aka buɗe gaban mota, sai ga fetur yana tsatsafowa daga wuyan nozul guda, yana gangarawa ɗigo-ɗigo wajen ƙarfen salansa, ƙarfen da ko yawu ka tofa masa sai ya yi cuwai. Zoben robar da ke toshe wuyan ya tsage lokacin da ake cusa shi, wanda ya yi aikin kuwa ya shafe wurin da gam ya sallami direba. Rai takwas aka ɗora a kan zoben robar da kuɗinsa bai kai na kwanon tuwo ba.

Mutanen Dareta ba sa buƙatar dogon bayani a kan ƙaramin abin da ido ba ya gani amma yana kisa. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ashe ƙurar dutsen zinare ce da ake niƙawa a cikin gidaje, maƙil da dalma. A ƙauyuka biyu kaɗai, binciken da aka yi tare da hukumar CDC ta Amurka ya nuna yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da aka rasa ta haura 400. Dareta, Abare, Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, kowannensu ya ɗanɗana, Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Babu uban da ya shigo da dutse gida don ya cuci ɗansa. Halalinsa yake nema, sai dai injin niƙa ya riga sanin haɗarinsa isowa gari. Ban ce nozul zai yi ɓarna irin ta dalma ba, Allah ya tsare. Amma abin da nake gani a wuraren gyaran mota yana kama da farkon wancan labarin: sabon kaya ya shigo, ana taɓa shi da tsohon hannu, illar kuma tana faɗawa kan wanda bai san an yi ba.

Shekarun baya motocin hanyarmu kafireta gare su. Bakanike ya kwance ta, ya wanke, ya hura da baki, ya mayar, ya kasa kunne ya daidaita sulo, shi ke nan. Man yana zuwa mata a hankali, kuskure kaɗan ba ya zama bala'i. Motocin da suka cika tashoshinmu yanzu, Golf da Sharon da Corolla da sabuwar Hiace da Hilux, injekta ne. Famfon da ke cikin tanki yana turo fetur da ƙarfin bar 3 zuwa 4. Don a gane awon, iskar tayar ƙaramar mota bar 2 ce da ɗan ɗori. Nozul ɗin kansa ɗan bawul ne na lantarki, kwamfutar mota tana buɗe shi tana rufewa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, yana fesa mai kamar hazo ta ƙananan hudojin da kaurinsu bai wuce na 'yan silin gashi ba. Abu mai irin wannan laushin ba a gyara shi da kunne da kintace.

Me ya sa aikin nozul ya yawaita a wajenmu haka? Mai ne. A ƙauyukan da babu gidan mai, jarka ce gidan mai, kuma ba ni da niyyar zagin 'yan bumburutu, don ba don su ba da wani majinyacin bai kai asibiti ba. Sai dai man da aka juye daga tanki zuwa duro, daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa galan ta mazurarin da ya kwana a ƙasa, yakan iso da ƙura da tsatsa da ruwa, wani lokacin ma da abin da aka gauraya masa don ya yi auki. A watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta hana sayar da mai a jarka, aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya saboda matsalar tsaro, wanda ya samu mai ba ya tambayar daga ina ya fito. A Fabrairun 2022 hukuma da bakinta ta amsa cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, aka yi ta jin koken masu motoci a Legas da Abuja. Metanol yana cin roba, yana kuma janyo ruwa. Daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta wuce naira 1,000 a ƙarshen 2024. Direba ya koma shan mai kaɗan-kaɗan, tanki kullum a ƙasa, famfo yana zuƙo dattin gindin tanki yana zafi. In filta ta toshe, wasu sai su cire ta su haɗa tiyo kai tsaye. Duk dattin nan a bakin nozul yake tsayawa. Ga shi kuma a Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun 2019, wato injina da motocin ɗaukar kaya ƙaruwa za su yi a dazukanmu. Shi ya sa na ga maganar nan ba ta jira.

Malam bakanike, da kai zan fara, kuma da girmamawa, don na san da gumin hannunka kake ci da iyalinka. A motar fetur, ko an kashe inji akwai sauran ƙarfi a cikin bututun da nozul suke jere a kai. Wanda ya fizge nozul haka nan, man zai feso masa a fuska ko a kan inji mai zafi. Ka cire fiyus ɗin famfon mai, ka tayar da mota ta ci abin da ya rage har ta mutu da kanta, ka cire wayar batir ta ƙasa, ka bar inji ya huce. Ka share kewayen kafin ka zare komai, domin duk ƙwayar yashin da ta faɗa ramin, cikin inji ta tafi. Zoben roba kuwa sabo ake sawa, sama da ƙasa, kowane lokaci. Tsohon ya bushe da zafi, ya ɗauki siffar mazauninsa na da, ba zai sake riƙewa ba ko da ido ya gan shi lafiya. Ka shafa wa sabon ɗan baƙin mai mai tsabta don ya zame ya shiga ba tare da ya naɗe ko ya yanke ba. Ban da gam, ban da zaren buhu, ban da leda. Fetur da zafi suna lalata su, gutsattsarinsu kuma su koma su toshe nozul ɗin da ka wahala a kansa. In ka gama ka mayar da fiyus da wayar batir, ka murɗa ki ba tare da ka tayar ba, sau uku ko huɗu, famfo ya cika bututu, ka duba wuyan kowane ɗaya da tocila, ka shinshina. Sannan ka tayar ka bar ta minti goma ka sake dubawa. Minti goman nan su ne ba a yi wa motar da na shiga ba.

Sai kuma maganar "ai ya shiga". Nozul biyu suna iya zama kamar tagwaye a ido, ɗaya yana fesa mai fiye da ɗayan nesa ba kusa ba, ko kuma wutar da suke ja ta bambanta har ta ƙone kwamfutar mota. Na Beljiyam da ake auno su a kwano daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko daga Gusau, ba a san motar da aka ciro su ba, ba a san shekara nawa suka yi a ajiye da busasshen mai a ciki ba. Akwai lamba a jikin kowane nozul. A karanta ta, a nemo daidai da ita. Nozul ɗin da yake ba da mai kaɗan yana sa silinda ta yi zafi fiye da ƙima har bawul ko fistin ya ƙone. Wanda yake ɗiga bayan an kashe mota yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka na cikin kwano, inji ya ci kansa a hankali. Direba ya ga mota tana shan mai kamar raƙumi, ya ɗora laifin a kan tsadar rayuwa.

Game da wuta ba sai na ja ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya kamawa daga murhun mai shayi ko tartsatsin mai walda da ke taku goma daga inda ake aiki. A zafin Maris da Afrilu, da rana ke haura digiri 40, tafasa kawai yake nema. Duk wanda ya ji labarin Majiya ta jihar Jigawa, inda tankar mai ta fashe a daren 15 ga Oktoba 2024 mutum sama da 150 suka rasu, ya san fetur ba ya ba da lokacin gudu. Motar haya tamu kuwa mutum huɗu ne a baya, biyu a gaba, ƙofa ɗaya sai an buɗe ta waje, ga jarkar mai a but.

Abin da ya fi hana ni barci yana wajen injin gas. Nan ne nake roƙon a karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Tsohuwar dabara ce: in ana neman silindar da ba ta aiki, sai a sassauta notin bututun nozul inji yana tafiya, a saurari canjin ƙara. In ana neman inda mai yake zuba, sai a bi bututu da yatsa. In ana son ganin feshin nozul, sai a fito da shi waje a ce wa yaro ya riƙe, wani ma har ya tara tafin hannu ya ji ko feshin yana da ƙarfi. Na ga ana yin ukun nan da idona, kuma kusan kullum hannun da ke kusa da man na ɗan koyo ne, yaro ɗan shekara goma sha biyu ko sha huɗu da uwarsa ta kawo don ya koyi sana'a. Ƙarfin bar 7 ya isa ya huda fatar mutum. Nozul ɗin tsohuwar Kanta ko na injin niƙa yana buɗewa ne da ƙarfin da ya haura bar 100. Sababbin injinan gas masu bututu guda, irin na Hilux da sabuwar Hiace, waɗanda suka fara fitowa a duniya tsakanin 1995 da 1997, suna aiki da ƙarfin da ya haura bar 1,000. Siririn man da ke fita ta tsagar da ido ba ya gani a irin wannan bututun allura ce. Safar hannu ba ta tare shi.

Mugun abin shi ne raunin ba ya nuna girmansa. Ɗan tabo ne kamar sukar ƙaya, wani lokacin ko jini babu, zafin ma kaɗan ne da farko. Yaro ya tsotse yatsa ya ci gaba da aiki, in ya yi ƙorafi a ce raki gare shi. Alhali man ya riga ya shiga, ya bi hanyar jijiyoyi daga yatsa zuwa tafin hannu. Bayan 'yan awoyi yatsa ya kumbura ya yi tauri, ya yi fari ko ya dushe, zafi ya hana shi zama. Man yana ƙone nama daga ciki, kumburin yana danne hanyar jini. Kwana biyu ko uku yatsa ya yi baƙi. Yatsu da yawa a duniya an yanke su a kan wannan, kuma likitocin tiyatar hannu sun daɗe suna cewa wanda aka buɗe masa wurin aka wanke cikin awa 6 na farko ya fi samun tsira da yatsansa. Don haka in abin ya faru, ba aikin kemis ba ne, ba na wanzami ko mai ɗori ba ne, duk da girman da muke ba su a inda suka ƙware. Kada a matse, kada a tsaga da reza, kada a ɗaure tam, kada a gasa. A rufe da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a kama hanya nan take. A je babban asibiti mafi kusa, na Anka ko na Gummi, a nemi a tura shi inda ake tiyata, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A faɗa wa likita ƙarara cewa man gas ne ya shiga da ƙarfin inji, a faɗi ƙarfe nawa, domin in aka ce kawai "ya ji ciwo a wurin aiki" ana iya wanke ɗan tabon a sallame ku. In a ido ya fesa, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon minti goma sha biyar, sannan asibiti.

Neman inda mai ke zuba da guntun kwali ake yi, hannu yana nesa, fuska a kauce. Sabon injin gas ba a taɓa sassauta masa bututu yana tafiya. Ko an kashe shi a dakata 'yan mintoci ƙarfin ya sauka.

Shi ma injin yana da nasa rabon wahalar. A gindin kowane nozul na gas akwai wosha ta tagulla. Sau ɗaya take aiki: in aka ɗaure ta lotse ta toshe, in aka kwance ta gama. Wanda ya mayar da tsohuwa, ko ya sa sabuwa bai goge mazauninta ba, hayaƙin cikin silinda zai riƙa tsiyayowa ta gefe, ya taru ya zama baƙar kwalta mai tauri. A injin Hilux irin 1KD da 2KD, da yake nozul ɗin yana ƙarƙashin murfi tare da baƙin mai, wannan gawayin yana gangarawa ya toshe ragar da famfon baƙin mai yake zuƙa ta ciki, wata rana ana cikin tafiya inji ya buga. Mai mota ya sayar da shanu ya sayi wani injin, bai taɓa sanin wosha ce ta ja masa ba. Ɗaurin noti ma da awo yake. Akwai sifana mai ma'auni da aka yi don haka, kuma kowane inji da nasa adadin. In ya yi sako-sako zai zubar, in aka sa bututu aka taka da ƙafa jikin nozul zai lanƙwashe allurar ciki ta maƙale. Nozul na sababbin injinan nan kuma kowanne da lambar da masana'anta ta buga masa bayan ta gwada shi, kuma sai an shigar wa kwamfutar mota lambar ta na'urar gwaji sannan ta san yawan man da za ta ba shi. Wanda bai da na'urar ya faɗa wa mai mota gaskiya ya tura shi inda take. Faɗin "wannan ya fi ƙarfina" ba ya rage wa gwani daraja, ƙaramin sani ne ƙuƙumi.

Direba, ga alamar da za ka riƙe. In ka auna baƙin mai ka ga ya ƙaru maimakon ya ragu, yana warin gas ko fetur, ajiye motar. Injin gas da baƙin mansa ya cika ya tsinke yana iya fara shan nasa man, ya tashi da gudu da kansa, farin hayaƙi ya turnuƙe, ka zare ki ya ƙi mutuwa. In ka tsinci kanka a haka, ka sa babbar giya, ka danne birki, ka saki kulochi ya shaƙe, fasinjoji su yi nesa. Haka nan ƙara mai kama da bugun guduma bayan an canja nozul ba "zama" yake yi ba. Nozul mai ɗiga yana iya huda kan fistin.

Sai tsabta, wadda mu a nan ƙura ta sa ta zama aiki. Tazarar da ke tsakanin allurar nozul da gidanta ta fi silin gashi siranta sau da yawa. An ciro shi an ajiye a ƙasa a kan yashi, hunturu yana kaɗawa, an wanke a tasa ɗaya da aka wanke fulogi da noti, an tsokale hudojin da allura ko silin waya. Da haka ake kashe nozul mai rai. A shimfiɗa kwali mai tsabta, a toshe bakin kowane bututu da aka buɗe, a bar murfin sabon nozul a kansa sai lokacin da zai shiga. Zuƙo mai da baki ta tiyo kuwa a bar shi. Kurɓa guda in ta kauce ta shiga huhu tana kwantar da ƙato, kuma fetur yana ɗauke da sinadarin benzin da aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Ba sabulun wanke hannu ba ne.

Akwai wata magana da ta keɓanci ƙasarmu, wadda bakaniken Kano ko na Zariya ba shi da ita. Ana kiranka daji ka duba injin niƙan dutse, ko Kanta da babur ɗin da ke jigilar buhunan dutse su zo wurinka. Ƙurar da ta lulluɓe wannan injin, da wadda ke cikin filtar iskar da kake bugawa a taya kana hurawa, ƙurar dutse ce, kuma tana iya zama mai dalma. Duniya ta daina sa dalma a fetur, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021, amma mu tamu daga ƙasa take fitowa, sai kuma tsofaffin batura da ake fasawa ana narkarwa a bayan gareji. Tana hawa riga da gashi da ƙarƙashin farce, ta bi ka gida, ɗanka ya rugo ya rungume ka ya sa hannu a baki. Ta irin wannan hanyar ta shiga gidajen da ba a taɓa niƙa dutse a cikinsu ba. Ka jiƙa tsumma ka goge inji maimakon hurawa. Ka bar kayan aiki a wurin aiki, kada a haɗa wankinsu da na yara. Ka wanke hannu da fuska da sabulu kafin ka ci abinci, ka yi wanka kafin ka ɗauki yaro.

Na san abin da za a ce mini: Malam, kuɗi. Mai mota ba zai biya sabon zobe da wosha ba, yana tsaye a kanka fasinja na jiransa. Gaskiya ne, na kuma san halin da ake ciki. Amma kowa a cikinmu ya san abin da ake nufi da mota ta mutu a tsakanin Anka da Bagega da la'asar sakaliya, ko a hanyar Nasarawar Burkullu bayan magariba. A wasu jihohin lalacewar mota ɓata lokaci ne. A nan tana iya zama kuɗin fansa, tana iya zama mai naƙuda ba ta kai asibiti ba. Kuma kada a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya ga roba ta tsage ya shafe da gam ya karɓi kuɗi, akwai hakkin mutane a wuyansa.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA a Anka da Gummi da Bukkuyum, ranku ya daɗe, ku tara mutanenku a makon nan ku yi maganar nan baki da baki. Abin da mutum ɗaya ba zai iya saye ba ƙungiya za ta iya: sifana mai ma'auni, na'urar gwaji, akwatin gwada feshin nozul mai murfi, a ajiye wuri guda kowa ya riƙa ara. Ku sa doka cewa ba a ba ɗan koyo riƙon nozul ko bututun gas inji yana tafiya. Shugabannin tasha na NURTW, motar da ke warin mai kada a yi mata lodi, kuma a duba kowace tana da abin kashe gobara mai aiki. Ƙananan hukumomin nan uku da gwamnatin jiha, ku ɗauko masu koyarwa daga kwalejojin fasaha su zo inda kanikawa suke su nuna musu da Hausa, a kan motar gaske. Ma'aikatan asibitocinmu, in bakanike ya zo da ɗan tabo a yatsa yana cewa gas ne, kada ku sallame shi.

Ɗan'uwa direba, in za a canja maka nozul, sayi zobe da wosha da kanka ka miƙa, ka ce a nuna maka tsofaffin da aka cire, ka mayar da filta in an cire ta, ka tace man jarka kafin ya shiga tanki, kuma kada ka ɗauki fasinja sai mota ta yi minti goma tana tafiya a tsaye kun duba tare.

Kai kuma maigida mai yara a gareji, amana aka ba ka. Gobe da safe kafin a taɓa sifana, ka kira su gaba ɗaya, ka nuna musu bututun gas, ka ce musu wannan ba a kai masa hannu, kuma duk wanda ya ji wani abu ya soke shi a yatsa ya faɗa maka nan take, ba za ka yi masa faɗa ba.